Yadda Ake Wanke Iskar Masana'anta Daga Gubar Kulorin da Danginsa

Duk wanda yake Jos a watan Yulin 2015 bai manta da safiyar da labarin Lamingo ya zaga gari ba. Silindar kulorin ce ta fashe a matatar ruwa, iskar ta bi gidajen da ke kewaye, gwamnatin jiha ta sanar da rasuwar mutum takwas, aka kwashi sama da ɗari zuwa asibitoci. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sinadarin da ya yi wannan ɓarna shi ne dai wanda ake sa wa ruwan famfo don ya kashe ƙwayoyin cuta. Yana da amfani matuƙar yana tsare, yana kisa da zarar ya kuɓuce.

Na daɗe ina aikin kula da injina a ƙananan masana'antu tsakanin Jos da Bukuru, kuma abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin yoyo na kullum wanda ba ya shiga labarai. Wata rana wani dattijo da ke makwabtaka da wani wurin da na yi aiki ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Ɗana, zo ka ga kwanon ɗakina. Shekara biyu da sa shi, ya zama rariya." Na ce, "Baba, in Allah Ya so za mu duba." Da na koma na buɗe tankin na'urar wanke iskar wurin, sai na tarar famfo yana juyi, fanka tana kuka, komai kamar lafiya, amma ruwan da ke ciki ya daɗe da zama asid. Watanni ba wanda ya ƙara masa soda. Abin da ya huda kwanon Baba shi ne yake shiga huhun jikokinsa. Tun ranar na riƙe cewa ran wannan na'ura yana cikin ruwan tankinta, da kuma mutumin da ke duba ruwan kowace safiya. Don haka a bayanin nan zan fi daɗewa a kan ruwa.

Fara da sanin abin da kake fitarwa

Halojin sunan gida ne na sinadarai 'yan uwa: fulorin, kulorin, buromin da aidin, shi wannan na ƙarshen mun san shi a asibiti wajen wanke miki. A masana'anta suna fita ta fuska biyu. Ko dai zalla, kamar iskar kulorin mai launin kore-kore da rawaya, ko kuma haɗe da haidirojin, su zama tururin asid, wato HCl daga kulorin da HF daga fulorin. Kulorin zalla ana samunsa a matatun ruwa da wajen masu haɗa ruwan bilic. HCl yana tashi daga kwamin da ake wanke ƙarfe da asid kafin a lulluɓe shi da tutiya, yana kuma fita duk inda aka ƙona robar PVC, domin sama da rabin nauyin wannan roba kulorin ne. Hayaƙin da ke shaƙe mutum inda 'yan gwangwan ke ƙona waya don su ciri jan ƙarfe, shi ke nan. HF kuwa yana fita a wajen masu narka alminiyam da ke zuba hodar tace datti mai fulorin, da ɗakunan gwaji da ke narkar da kwalambait da sauran ma'adinan da ƙasar Filato ta yi suna da su.

Bambancin nan shi ne zai yanke irin ruwan da za ka zuba. HCl mayen ruwa ne, lita ɗaya ta ruwa mai sanyi tana iya shanye kusan giram 700 nasa. Kulorin zalla kuwa 'yan giram kaɗan lita ke ɗauka, saboda haka ruwa kawai ba ya tsare shi, sai an sa abin da zai cinye shi.

Kafin ka sayi ko ƙusa, rubuta abu huɗu: yawan iskar da ke fita a awa, zafinta, yawan gubar da ke cikinta, da ƙurar da take ɗauke da ita. Akwai ƙananan bututun gilashi masu canza launi, irin na kamfanin Dräger, da ke ba da ƙiyasin farko. Ka auna a lokacin da aiki ya fi zafi, misali sa'ad da ake tsoma sabon ƙarfe a asid. Wanda ya auna lokacin hutun azahar zai gina na'urar da ta yi masa kaɗan.

Kama iskar tun daga bakin tukunya

Gubar da ta riga ta bazu a ɗaki ba ta wankuwa. A yi wa kwami murfi, a kafa hular zuƙo iska dab da inda tururin ke tashi, a gefe ko a baya, yadda ba zai ratsa ta fuskar ma'aikaci ba kafin ya shiga bututu. A ɗakin silindar kulorin bakin bututun zuƙa yana kusa da ƙasa ne, saboda kulorin ya fi iska nauyi kusan ninki biyu da rabi, kwanciya yake yi a daɓe da ramuka.

Fanka kuma a ƙarshen layi ake sa ta, bayan hasumiyar wanki, ta yadda janyowa take yi. In bututu ya tsage, iskar waje ce za ta shiga, guba ba za ta fito kan mutane ba. Ga kuma ribar cewa fankar tana shaƙar iskar da aka riga aka wanke, ta fi daɗewa.

In iskar daga tanderu take, sai an sanyaya ta da feshin ruwa a wani ɗan akwati kafin ta isa hasumiya, domin PVC yana fara laushi da ya wuce digiri 60. In tana da ƙura, a tare ƙurar tukuna. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta liƙe cikin hasumiya a kaka ɗaya.

Hasumiyar kanta

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1836 wani Bature mai suna William Gossage ya gina hasumiya a Ingila don kama tururin HCl da masana'antun soda ke fitarwa yana ƙona gonakin mutane, kuma a 1863 aka yi dokar da ta tilasta wa irin waɗannan masana'antu kama kashi 95 cikin ɗari na tururin. Fasalin bai canza sosai ba. Doguwar ganga ce a tsaye, ma'aikata suna kiranta sikiroba. A gindinta akwai tankin ruwan magani. Famfo yana ɗaukar ruwan ya kai shi sama ya watsa, iska mai guba tana shigowa ta ƙasa tana hawa, suna haɗuwa a tsakiya cikin tarin zobban roba masu huji-huji. Aikin zobban shi ne su shimfiɗa ruwan ya zama siririn mayafi mai faɗi, yadda kowane ɗigon iska zai taɓa ruwa kafin ya wuce. A can ƙoli akwai matacin raɓa, kamar soson roba mai kauri, da ke tare ɗigon soda kada fanka ta watsa shi kan rufin makwabta.

Wajen kayan gini araha ba ta ado. Baƙin ƙarfe yana jure busasshen kulorin, shi ya sa ake yin silinda da shi, amma da danshi ya shiga sai ya cinye shi. Sitenles ma, wanda mutane ke ɗauka ba ya tsatsa, HCl yana huda shi. Alminiyam da tutiya da kuza kuwa soda ce ke cinsu, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, don haka ko bokitin kwano kada a kawo kusa. Don kulorin a yi amfani da robar PVC ko 'yar uwarta CPVC, ko faiba da aka haɗa da ƙaron da ya dace da bilic. Don HCl da HF robar PP tana aiki da kyau. HF yana cin gilashi, faiba kuwa zaren gilashi ce, saboda haka in za a yi da ita sai an yi mata shafin ciki da ba na gilashi ba.

Ga lissafin farko da za ka iya yi a bayan ambulan. A ce fankarka tana jan iska mita-kubik 3,600 a awa, wato mita-kubik ɗaya a daƙiƙa. Ana son iskar ta hau cikin hasumiya da gudun mita ɗaya da rabi zuwa biyu a daƙiƙa. In ta fi haka sosai sai ta riƙe ruwan a sama ta hana shi sauka. Da gudun mita ɗaya da rabi, faɗin gangar zai kama santimita 92, sai ka mayar da shi mita ɗaya. Ruwa kuma kimanin lita biyu ga kowane mita-kubik na iska, wato famfo mai ba da lita 7,000 da ɗoriya a awa. Tarin zobba mita biyu zuwa uku. Da wannan za ka san ko mai kawo maka kaya yana faɗin gaskiya, amma zanen ƙarshe aikin injiniyan sinadarai ne, a biya shi haƙƙinsa.

Wani abu da masu kawo kaya daga Legas ke mantawa: Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga matakin teku, iskarmu ta fi ta bakin teku rashin nauyi da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Fankar da aka zaɓa da lissafin Apapa ba za ta ba da ƙarfin zuƙa iri ɗaya a Bukuru ba, janareta ma ƙarfinsa yana raguwa. Ka faɗa musu tun wajen ciniki.

Ruwan magani

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne soda, ita dai sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, mai zuwa a buhun kilo 25. Kanwa ba ta maye gurbinta a nan, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Wajen haɗawa, ruwa ake fara zubawa a tanki, sannan a riƙa barbaɗa soda kaɗan-kaɗan ana motsawa. Kada a taɓa zuba ruwa a kan tarin soda, tafasa yake yi ya fantsamo fuska. Mai haɗawa ya sa tabarau mai rufe ido ruf, da safar roba doguwa, da takalmin roba. Soda a ido tana makantarwa, kuma ba ta ba da lokaci. A bar ruwan ya huce kafin a kai shi hasumiya. Wanda ke sayen sodar ruwa mai ƙarfin kashi 50 ya sani cewa tana daskarewa a wajen digiri 12, kuma daren Disamba da Janairu a Jos yakan sauka ƙasa da haka. Na taɓa zuwa da asuba na tarar da bututun soda ya sandare kamar an zuba masa kakide. Tun daga nan nake tsarma ta zuwa kashi 20 ko 25 da zarar an sauke ta.

In HCl kake wankewa, aikin da sauƙi. Soda da HCl suna haɗuwa su ba da gishiri da ruwa. Kowane kilo na HCl yana cin kilo 1.1 na soda. In kwaminka yana fitar da kilo biyu a awa, aikin awa takwas zai ci kusan kilo 18, bai kai buhu ba. A riƙe ma'aunin pH na tankin, wato lambar da ke hawa in soda ta yi yawa a ruwa, ta sauka in asid ya rinjaya, tsakanin 8 da 9. Mutane sukan ce bari mu cika soda don mu huta, amma in pH ya haura 10 sodar takan koma cin iskar kabon da ke cikin iskar duniya, kuɗinka ya tafi a banza, farin dutse kuma ya fara taruwa a kan zobba.

Kulorin zalla shi ne mai wuyar sha'ani. In ya haɗu da soda yana ba da gishiri da bilic, irin wanda ake wanke farin kaya da shi. Kowane kilo na kulorin yana cin kilo 1.13 na soda. Amma kulorin ɗin bai mutu ba, ɗaure shi aka yi a cikin bilic, kuma igiyar da ta ɗaure shi ita ce ragowar sodar da ke cikin ruwan. Da sodar ta ƙare pH ya faɗo, sai ruwan ya daina karɓa, in ya ƙara faɗuwa ya fara amayar da wanda ya sha a baya. A nan na'urar da aka kafa don kariya take zama mai fitar da guba. Saboda haka ga kulorin ba a barin pH ya sauka ƙasa da 11, kuma ni ba na yarda da mitar pH kaɗai, domin a ruwa mai soda da yawa lambarta ba ta motsi sosai har sai an kusa faɗawa rami. A riƙa ɗibar ruwan ana auna ainihin ragowar soda a ɗakin gwaji ta hanyar ɗiga asid har launi ya juya. Aikin minti goma ne, duk wanda ya yi difloma a kimiyyar ɗakin gwaji ya iya shi. Akwai kuma mitar ORP, wadda lambarta ke hawa yayin da soda ke ƙarewa. Tana da kyau a haɗa ta da ƙararrawa.

Sai zafi. Kowane kilo na kulorin da soda ta sha yana sakin zafi kusan kilojul 1,450. In ruwan ya wuce digiri 40, bilic ɗin yana fara lalacewa, lalacewar kuma tana ƙara zafi. Shi ya sa ba a cika ƙarfin sodar ya wuce kashi 20: ruwa mai yawa shi ke ɗaukar zafin, kuma in ta fi haka kauri gishiri yana iya fitowa ya toshe bututu. Ɓurɓushin tsatsa ko jan ƙarfe ko nikel a tankin shi ma yana hanzarta lalacewar bilic, don haka bawul ɗin tagulla ba shi da wuri a wannan layi.

HF yana da nasa tarkon. In ka yi da soda, gishirin da ke fitowa ba ya narkewa sosai, kusan giram 40 ne kawai a lita, sai ya daskare ya toshe bakin feshi. Ko dai ka riƙa zubar da tsohon ruwa da yawa kana ƙara sabo, ko ka koma ga ɗan uwan soda da ake kira KOH, wanda gishirinsa ke narkewa sarai, sai dai ya fi tsada. Fulorin zalla ba kasafai ake gamuwa da shi a nan ba, amma wanda ya gamu da shi kada ya yi da soda mai rauni kamar kashi biyu, domin tana haifar da wata iskar mai guba. A nemi ƙwararre. Buromin kuwa soda tana kama shi, amma an fi samun natsuwa in an haɗa mata da sinadarin tayosalfet ko salfait da zai kashe shi gaba ɗaya.

Tayarwa da kashewa

Famfo ne farko. A bar ruwa ya jiƙa zobba na 'yan mintuna, a leƙa ta tagar dubawa a ga feshin ya rufe ko'ina, babu gefen da ya bushe. Sannan fanka. Sannan a buɗe aikin da ke fitar da guba. Wajen tashi a juya: a rufe aiki, a bar fanka da famfo su ci gaba har bututu ya wanke, a kashe fanka, famfo ne ƙarshe.

A ranar farko a gwada da ruwa zalla tukuna, a nemi yoyo, a rubuta bambancin matsin iska tsakanin ƙasan zobba da samansu. Siririn tiyo mai haske da aka lanƙwasa aka zuba masa ruwa mai launi ya isa wannan aiki. Lambar da ka samu ranar ita ce ma'auninka na gaba: in ta hau, zobba sun toshe, in ta faɗi ƙwarai, ruwa ba ya isa ko iska ta sami hanyar zagaye.

Ɗauke wuta kuwa sai an yi masa shiri na musamman. Famfo da fanka su kasance a layin janareta mai tashi da kansa, kuma a haɗa wayar yadda in famfo ya tsaya, aikin da ke fitar da guba shi ma zai tsaya. Famfo biyu ake sawa, ɗaya na aiki ɗaya na jira, ana musanya su duk mako don kada na jiran ya ci tsatsa a zaune.

Aikin kowace safiya

Littafi da biro a rataye kusa da tanki. Mai aikin safe ya rubuta pH, zafin ruwa, tsayin ruwa a tanki, matsin famfo, bambancin matsin iska, da buhu nawa aka zuba. Ya sa hannu. Na sha jin, "Oga, ai mita tana nuna daidai." Mita tana ƙarya in an bar ta. Bakinta yakan yi datti, don haka duk mako a wanke shi a daidaita shi da ruwan gwaji, kullum kuma a tsoma takardar pH a gani ko bakinsu ya zo ɗaya. Yawan sodar da ake ci shi ma labari ne. Wurin da ya saba cin buhu biyar a mako in ya koma cin ɗaya alhali aiki bai ragu ba, ba tsimi aka yi ba, gubar ce take wucewa ta wani wuri.

Ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya ƙafewa. Dole a riƙa sakin wani kaso na tsohon ruwa ana cikawa da sabo, in ba haka ba tankin ya zama tafkin gishiri. In ruwan rijiyarka mai tauri ne, irin wanda ba ya kumfa da sabulu, a tausasa shi kafin a zuba, domin da soda yake haɗuwa ya zama dutse. Sau ɗaya ko biyu a shekara a tsayar da komai, a fito da zobba da matacin raɓa a wanke. In za a wanke dutsen da asid a hasumiyar kulorin, sai an zubar da bilic ɗin an ɗauraye sarai tukuna.

A bututun fitar hayaƙi a bar ƙaramar ƙofar ɗibar samfuri, da tsani mai kyau. Nan ne za ka tabbatar da aikin, nan ne kuma jami'an hukumar kare muhalli ta tarayya NESREA, wadda aka kafa a 2007 kuma ta fitar da ƙa'idojin ingancin iska a 2014, ko na hukumar muhalli ta jiha PEPSA, za su nema in sun zo. Hanci ba ma'auni ba ne: yana jin kulorin tun bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, amma wanda ya wuni a ciki hancinsa yakan saba ya daina ji.

Ina za a kai tsohon ruwan?

In aka saki wannan ruwa a kwata, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kwatocinmu suna gangarawa rafuka irin Dilimi da tsofaffin kududdufan haƙar kuza, kuma da ruwan nan ake ban ruwan latas da kabeji da karas da ake lodi zuwa sassan ƙasar nan.

Ruwan HCl gishiri ne, a daidaita pH ɗinsa zuwa tsakanin 6 da 9, a duba ko ya ɗauko ƙarfe ko tutiya daga kwami. Ruwan kulorin sai an kashe bilic ɗinsa da salfait ko tayosalfet, a hankali, ruwan yana nan da sodarsa, a gwada da ƙwayar gwajin kulorin ta DPD da ma'aikatan ruwa suka sani har a ga babu sauran kulorin, sannan a sauko da pH. Wanda ya fara da zuba asid ya saki kulorin a fuskarsa. Saboda wannan dalili kwatar ruwan bilic da kwatar ruwan asid ba sa haɗuwa a ko'ina cikin masana'anta, ko a ƙarƙashin ƙasa.

Ruwan HF ana zuba masa farar ƙasa ta masana'anta, wadda ake kira laim, fulorin ya kwanta ya zama farin laka. Laim kaɗai ba ya kwashe shi duka, akan bi da alif don a rage saura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita ga ruwan sha, kuma mutanen Filato sun san abin da yawansa ke yi, domin a wajen Langtang an daɗe da sanin haƙoran yara masu dabbare-dabbare saboda fulorin da ke cikin ruwan ƙasa. Lakar a busar da ita a wuri mai daɓen siminti da rufi, a miƙa ta ga masu lasisin kwasar sharar masana'antu.

Ɗakin silinda da ranar da ba a fata

Duk inda ake ajiye silindar kulorin yana buƙatar sikiroba ta gaggawa, wadda ke zaune shiru tana jiran yoyo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramar silinda tana ɗaukar kilo 68, babbar ganga kusan kilo 900. A lissafi, kilo 68 yana cin kusan kilo 77 na soda, amma ni ninkawa nake yi: buhu shida a lita 850 na ruwa. Ko da wannan yawan, in silindar ta juye duka, zafin tankin zai iya ƙaruwa da fiye da digiri 25, ka ga dalilin da ya sa ba a rowar ruwa. Babbar ganga tana cin sama da tan ɗaya na soda kafin a yi maganar ƙari. Sodar da ke zaune tana raunana da kanta saboda iskar kabon, don haka a auna ta duk wata, a kuma tayar da famfo da fanka duk mako.

Na'urar jin kulorin a kafa ta kamar taku ɗaya daga ƙasa, a haɗa ta yadda ita za ta tayar da sikiroba ta kuma buga jiniya. Kashi 10 cikin miliyan ya isa a ɗauke shi haɗari ga rai nan take. Ƙaramin yoyo ana nemansa da tururin amoniya: a matsa robar kusa da mahaɗa, in farin hayaƙi ya tashi, nan ne. Tururin kawai, ba a zuba ruwan a kan bawul. Kada a watsa wa silinda mai yoyo ruwa, ramin zai ƙara faɗi. In kulorin ɗin a matsayin ruwa yake fita daga silindar, waɗanda aka horar su juya silindar ramin ya koma sama, domin lita ɗaya ta ruwansa tana zama kusan lita 460 ta iska. Silinda ba ta zama a rana ko kusa da wuta. Toshen kariyarta yana narkewa a wajen digiri 70. Takunkumin tsumma ba ya tare komai, mai gwangwani ma na ƙaramin aiki ne da gudu. Shiga ɗakin da ke yoyo sai da tukunyar iska a baya, kuma mutum biyu, ɗaya na kallon ɗaya.

A ɗaura kyalle a kan dogon ƙarfe inda kowa zai ga inda iska ta nufa. Maigadin dare ya san abin da jiniyar ke nufi da lambar da zai kira, mai unguwa da limamin masallacin kusa da shugaban cocin unguwar su ma a zauna da su tun lafiya lau. Abin da za a gaya wa mutane gajere ne: a kauce wa gubar ta gefe, a nufi ɓangaren da iskar gari ke kaɗowa daga can, a hau tudu, kada a ɓuya a rami ko kwari. Wanda ya shaƙa a fitar da shi sarari, a cire masa tufafin, a wanke ido da ruwa mai gudu aƙalla minti 15, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, domin ruwa yakan taru a huhu bayan sa'o'i. Inda ake aiki da HF kuwa a ajiye man kalsiyam gulukonet a akwatin taimakon farko, a duba ranar lalacewarsa. Ƙunar HF mai rauni takan yi shiru ba zafi har tsawon yini tana cin nama ta ciki, don haka ko ɗigo ne ya taɓa fata a wanke, a shafa man, a tafi asibiti da takardar bayanin sinadarin a hannu don likita ya san abin da yake magani.